Ƙuri'ar Zango: Yawanmu Ya Ƙaru, To Ina Ribarmu?

Duk shekarar zaɓe sai ka ga motocin 'yan siyasa sun cika Nima da Maamobi da Kotobabi, ana gaisuwa wajen limamai da sarakunan Zango. Dalilin wannan zumunci shi ne lissafi. Ƙidayar 2010 ta nuna Musulmi kashi 17.6 ne cikin 100 na mutanen Gana, ta 2021 kuwa ta nuna sun kai 19.9. Yankin Ankara kuma shi ya fi kowane yanki yawan masu rajistar zaɓe.

A Amurka ma haka abin yake ga al'ummar da suka fito daga Meziko da sauran ƙasashe masu magana da Sifaniyanci. Ƙidayar 2020 ta ce sun haura miliyan 62. Da yake a can jiha-jiha ake cin zaɓen shugaban ƙasa, yawansu a Arizona da Nevada ya sa kowa na zawarcinsu. An daɗe ana ɗaukarsu 'yan Dimokurat, amma a 2024 da yawansu suka koma wa Donald Trump, har ya ci gundumar Miami-Dade, wadda rabon Rifablikan da ita tun 1988.

Mu a nan tsarinmu dabam ne. Tsarin mulkin 1992 ya ce sai ɗan takara ya sami fiye da rabin ƙuri'un ƙasa baki ɗaya. Saboda haka ƙuri'ar Kotobabi daidai take da ta Kumasi. Idan ba a manta ba, a zaɓen 2008 Atta Mills ya kayar da Akufo-Addo a zagaye na biyu da ratar ƙuri'a dubu 40 da ɗoriya kawai.

Tarihi ne ya fara karkata Zango wajen NDC. Dattawanmu ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ba, lokacin da aka ba mutane mako biyu su bar ƙasa. NPP, magajiyar gidan Busia, ta yi ƙoƙarin wanke wannan tabo. Ta kafa ƙungiyar Nasara, ta ba Alhaji Aliu Mahama mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, a 2017 kuma ta kafa ma'aikata da asusun raya Zango. A 2024 ta tsayar da Dakta Mahamudu Bawumia, Musulmi, amma duk da haka John Mahama ya lashe zaɓen. Tsadar rayuwa ta fi addinin ɗan takara ƙarfi a zukatan mutane.

Ko a maƙwabta ra'ayi ba ɗaya ba ne. Mazaɓar Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, ta tsaya da NDC, alhali Ayawaso ta Tsakiya, inda Kotobabi take, ta shekara da shekaru a hannun NPP kafin zaɓen 2024.

Jama'a, yawa kaɗai ba ya gyara magudanar ruwan Nima, ba ya kuma sama wa samarinmu aiki. Ƙuri'ar da aka san ta jam'iyya ɗaya ce ko ana ruwa ko ana iska, ba a sayenta da tsada. Kowane ɗa da 'ya da suka cika shekara 18 su nemi Ghana Card, su yi rajista, kada tsoron a ce musu baƙi ya hana su. In ɗan takara ya zo, a ajiye masa buƙatunmu a rubuce: makaranta, asibiti, magudanar ruwa, sana'a. Bayan shekara 4 a ɗauko takardar a duba.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, amin.