Daga Yamai zuwa Jidda a jirgin sama

Kakar Hadiza za ta tafi aikin hajji. Jirginsu zai tashi daga filin jirgin sama na Diori Hamani, a Yamai. Zai sauka a filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, a ƙasar Saudiyya. Hadiza tana so ta san lokacin da kakarta za ta isa. Ku zo mu yi lissafin tare da ita.

Da farko mu nemi nisan tafiyar. Ku dubi taswira. Idan muka miƙa zare daga Yamai zuwa Jidda, zai ratsa Nijar, da Cadi, da Sudan, ya ƙetare Bahar Maliya. Tsawon wannan hanya wajen kilomita 4000 ne.

Sai mu nemi saurin jirgi. Babban jirgin fasinja yana tafiya a sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa. A can yana yin kilomita 800 ko fiye a cikin awa ɗaya. Don a sami tsawon lokacin tafiya, ana raba nisa da sauri: 4000 a raba da 800, ya ba da 5. Ke nan tafiyar awa 5 ce.

Amma wannan lissafi bai cika ba. Lokacin tashi da lokacin sauka, jirgi ba ya sauri sosai. Saboda haka mu ƙara rabin awa. Iska ma tana da nata aiki. In ta buso daga baya, tana tura jirgi gaba. In ta buso daga gaba, tana rage masa sauri. Kuma jirgi ba kullum yake bin miƙaƙƙiyar hanya ba. A shekarar 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, an rufe sararin samaniyar ƙasar. Dole jirage suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙara tsawo.

Saura abu ɗaya. Jidda tana gabas da mu, rana tana riga fitowa a can. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa 2. In jirgi ya tashi ƙarfe 8 na safe, ya yi awa 5 da rabi, agogon Hadiza zai nuna ƙarfe 1 da rabi na rana. A Jidda kuwa ƙarfe 3 da rabi ne. Da saukarta, sai kaka ta gyara agogonta, don kada ta rikita lokutan salla.

A zamanin da, mahajjata da ƙafa suke tafiya, ko bisa jaki, ko bisa raƙumi. Mutumin da ke yin kilomita 25 a rana sai ya yi kwana 160 yana tafiya ba hutu. Da yawa sukan tsaya a hanya su yi noma don su sami guzuri, har su share shekaru. Waɗansu sun zauna a Sudan, jikokinsu suna can har yau, suna jin Hausa.

Tambayoyi

1. Kilomita nawa ne tsakanin Yamai da Jidda?
2. Yaya ake samun tsawon lokacin tafiya?
3. Me ya sa agogon Jidda yake gaban na Yamai?
4. Jirgi yana yin kilomita 800 a awa. Awa nawa zai yi a tafiyar kilomita 2400?