Kafin a Ɗinka wa Yaro Yunifom: Zaɓen Firamare a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Duk watan Satumba, lokacin da damina ta fara ja da baya, magidancin da ɗansa ya kai shekara shida a Tudun Kaya ko ƙauyukan da ke kewaye da ita yakan tsaya a kan tambaya guda: wace firamare za a kai yaron? Zaɓin ba shi da yawa, amma akwai shi. Ga ta unguwa wadda ake jin ƙararrawarta daga tsakar gida, ga wata babba a bakin titi, ga na cikin garin Ƙaraye, wani kuma yana da ɗan'uwa a Rogo da zai iya riƙe masa yaron. Yawanci da suna da fenti ake yanke hukunci. Makarantar da aka kewaye da katanga, aka shafa wa sabon fenti, aka kafa allon kwangila a ƙofarta, ita ake kira mai kyau. A ganina wannan ma'auni ne da ke yaudarar iyaye. Abin da ya kamata a auna shi ne ko malami yana shiga aji, da ko ɗan aji uku na makarantar yana iya karanta Hausa. Idan firamaren kusa da gida ta ci wannan gwajin, babu dalilin tsallake ta.

Ya kamata a fara da fahimtar abin da iyakar ƙaramar hukuma take canzawa da abin da ba ta canzawa. A Amurka, kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati yana fitowa ne daga harajin gidajen yankin da makarantar take, shi ya sa iyali kan tashi daga wannan gunduma zuwa waccan saboda makaranta kawai, kuɗin gida kuma ya hau a inda makarantu suka yi suna. A Jihar Kano lamarin ba haka yake ba. Firamaren da ke mazaɓar Tudun Kaya ko Turawa ko Yammedi a Ƙaraye, da wadda ke Zarewa ko Gwangwan ko Fulatan a Rogo, duk suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Manhajarsu ɗaya ce ta ƙasa, albashin malamansu daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, kuɗin gini kuma yawanci daga tallafin hukumar UBEC ta tarayya yake zuwa, wadda dokar 2004 ta ware wa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, bisa sharaɗin jiha ta zuba nata kason. Saboda haka wanda ya ɗauke ɗansa daga Ƙaraye ya kai shi Rogo bai sauya tsari ba, sakataren ilimi kawai ya sauya. Bambancin gaske yana tsakanin makaranta da makaranta, wani lokaci ma tsakanin aji biyu da bango ɗaya ya raba.

Tarihin ilimin firamare a ƙasar nan tarihin cika aji ne. Shirin ilimi kyauta na 1976 ya kwararo da yara cikin makarantu fiye da yadda aka tanadi malamai. Dokar 2004 ta mai da shekara tara na farko kyauta kuma dole. A 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta sake shelar ilimi kyauta kuma dole a Kano, a watan Yunin 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, inda shi da kansa ya ce akwai makarantu kusan 400 a jihar da malami ɗaya tak ke riƙe da dukkan azuzuwansu. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, kuma kowa ya san ajin da ya ninka wannan ba abin mamaki ba ne a Kano. Abin da duk waɗannan sheloli ba su tabbatar ba shi ne koyo. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi, alhali mafi yawansu sunansu yana cikin rajista. Yaro na iya shafe shekara shida yana sa yunifom, yana amsa kiran suna, ya fito bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Fenti ba ya nuna wannan, katanga ma ba ta nuna shi.

To me ke nuna shi? Abubuwa ne ƙanana da ido ke gani, in dai an je a lokacin da ya dace. Kada a je ranar da aka san jami'an sa ido za su zo, kada kuma a tsaya a ofishin hedimasta. A je da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, bayan tara, ranar kasuwa in da hali, a ƙirga azuzuwan da malami ke tsaye a gaban allo da waɗanda monita ke riƙe da tsumagiya yana tsare surutu. A dubi kwanan watan da ke saman allo: idan yau Laraba ce kuma allon yana ɗauke da kwanan Alhamis ɗin da ta wuce, an sami amsa ba tare da an tambayi kowa ba. A karɓi littafin rubutun wani ɗan maƙwabci da ke makarantar, a buɗe shafi-shafi a nemi jan biro. Littafin da ya cika da kwafin allo amma babu alamar malami ya taɓa dubawa yana nufin yaron zane yake yi, ba rubutu ba. Sannan a ba ɗan aji uku ko huɗu wani rubutun Hausa da bai taɓa gani ba, ko da takardar gayyatar ɗaurin aure ce, a ce ya karanta, a kuma tambaye shi abin da ta ce. Dole ya zama rubutun da bai sani ba, domin yaranmu gwanaye ne wajen hadda, suna iya rera shafi guda na littafin aji da ka alhali idonsu yana kan wani layi dabam.

Za a ce ai da yawa daga iyayen karkara ba su yi boko ba, yaya za su auna abin da ba su sani ba? Wannan magana tana raina mutanen da suka daɗe suna auna makaranta. Uban da ya kai ɗansa makarantar allo ba ya tambayar ko zauren malam yana da siminti. Yana zaunar da yaron ne ya biya masa allonsa, kuma a 'yan watanni ya san ko ana karatu ko ana wasa. Kunnen da ke gane wannan zai gane yaron da ke karanta Hausa yana tafiya da wanda ke in'ina yana kame-kame. Wanda kuma bai yarda da kunnensa ba, ba zai rasa ɗan sakandare a gidansu ko a maƙwabta da zai zauna kusa ba. Akwai ma shaida cewa irin wannan sani yana motsa makarantu. A lardin Punjab na Pakistan, masu bincike Tahir Andrabi da Jishnu Das da Asim Khwaja sun gwada yara a ƙauyuka, suka raba wa iyaye takardar sakamakon kowace makaranta a wasu daga cikin ƙauyukan. A inda aka raba, makin yara ya ƙaru, makarantun kuɗi kuma suka rage kuɗinsu. Ba a gina aji ko ɗaya ba, iyaye ne kawai suka daina zato.

Hujja mafi ƙarfi ga masu kai yaro cikin gari ita ce malamai sun fi yawa a can, kuma gaskiya ne. Malami, musamman malama mai aure, yakan nemi a bar shi inda akwai titi da kasuwa da asibiti, makarantar lungu kuma ta zauna da mutum biyu ko uku. Amma yawan malamai a takardar albashi dabam, rabon da ɗanka zai samu daga hankalin malami dabam. Makarantar da kowa ke rububinta ita ce ajinta ke cika har bakin taga, kuma ɗan shekara shida da ke zaune a layin ƙarshe ba ya cin moriyar sunan makarantar. Sai kuma nisa, wanda iyaye kan raina a watan Satumba su gane nauyinsa a watan Yuli. Kuɗin acaba kullum, zuwa da dawowa, ba ƙaramin abu ba ne tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Ranar da babu kuɗin, babu makaranta. Ranar da rafi ya kawo, babu makaranta. Lokacin girbi ko aikin noman rani a bakin dam ɗin Challawa, yaron da makarantarsa ke nesa shi ake fara cewa ya huta yau. A kan 'ya'ya mata abin ya fi tsanani. Wani bincike da Dana Burde da Leigh Linden suka yi a lardin Ghor na Afganistan ya nuna cewa buɗe makaranta a cikin ƙauye ya ƙara yawan 'yan matan da ke zuwa da sama da kashi 50 cikin ɗari na dukkan 'yan matan ƙauyen, makinsu kuma ya hau. Duk wanda ya san yadda uwa ke ji idan 'yarta za ta ratsa gonakin dawa ita kaɗai ba zai yi mamakin wannan ba.

Wani zai ce, to in zauna in sadaukar da ɗana don a raya makarantar unguwa? A'a. Idan an je sau biyu, sau uku, an tarar da malami ɗaya yana zagaya aji shida, 'yan aji huɗu kuma ba sa iya karanta sunan garinsu, ɗauke yaron shi ne daidai, kuma babu mai zargin uban da ya yi haka. Shekarun koyon karatu ba sa jira. Sai dai a lura da waɗanda ke fara tafiya: ɗan kasuwa, ma'aikaci, mai babur, wato mutanen da in suka shiga ofishin sakataren ilimi za a ba su kujera. Da zarar 'ya'yansu sun bar makarantar, ta rasa masu yi mata magana. Tsarin tafiyar da makarantu ya tanadi kwamitin al'umma a kowace firamare, wanda ake kira SBMC, da ya haɗa hedimasta da wakilin mai unguwa ko dagaci da malaman addini da iyaye maza da mata, kuma shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya yi shekaru yana horar da irin waɗannan kwamitoci a Kano. Kwamitin ba ya ɗaukar malami aiki, amma yana iya duba rajistar zuwan malamai, ya kai ƙorafi a rubuce, ya sa hakimi ya sa baki. Saboda haka a cikin tambayoyin da uba zai yi kafin ya zaɓa, har da wannan: yaushe kwamitin ya yi zamansa na ƙarshe, kuma me aka tattauna ban da karo-karon gyaran rufi?

Gyaran da ake bukata ma ba kullum yake cin kuɗin gini ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da dabarar gwada kowane yaro a 'yan mintoci, a raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, a koyar da masu baƙaƙe baƙaƙe, masu kalmomi kalmomi. An gwada wannan dabara da Hausa a makarantun firamare na Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin shirin KaLMA. Takardar gwajin shafi ɗaya ce: baƙaƙe, kalmomi, gajeren sakin layi, ɗan labari. Babu abin da zai hana ofisoshin ilimi na Ƙaraye da Rogo su sa a gwada 'yan aji uku da irin wannan takarda a ƙarshen kowane zango, a gaban wakilan kwamiti, a liƙa adadin waɗanda suka iya karanta labarin a ƙofar kowace makaranta, a kuma ba masu unguwa su sanar a masallaci bayan sallar Juma'a. Wasu hedimastoci ba za su so haka ba, kuma za a sami masu ɓoye yaran da ba su iya ba ranar gwaji, shi ya sa dole a riƙa kiran suna daga rajista, ba daga waɗanda malami ya tura gaba ba.