Tertibin Kayan Wutar Rana a Cikin Akwatin Jirgin Ruwa

Akwatin nan na ƙarfe da ake kira kwantena, asalinsa na safarar teku ne. Cikin shekarar 1956 wani Ba'amurke mai suna Malcom McLean ya ɗora guda 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston, daga nan al'amarin ya game duniya. Yau kuwa har ɗakin wutar rana ake mai da shi a ƙauyukan da turakun lantarki ba su kai ba. Wani kamfanin Jamus, Africa GreenTec, ya kafa irinsa a Mourdiah ta ƙasar Mali cikin 2015, daga baya kuma a Amaloul ta jihar Tawa a Nijar.

Dalilin zaɓensa a fili yake. Faɗinsa ƙafa 8, tsawonsa ƙafa 20 ko 40, ga ƙarfi, ga kulle mai wuyar ɓallewa, kuma babbar mota ta iya kai shi duk inda aka so. Amma yana da aibi guda mai girma, watau zafi. Ƙarfe rufaffe cikin ranar bazara tanda ne, alhali kuwa batir, wanda shi ne mafi tsada cikin kayan, ba abin da ke cin ransa kamar zafi. Batirin dalma ya fi son awo 25 na ma'aunin zafi, in aka ɗara da kamar 10 sai kwanakinsa su ragu da rabi. Saboda haka gwanin aiki ba ya fara ɗaura kome sai ya gama shawarar inda zafi zai fita.

Farantan da ke karɓar hasken rana a bisa ake girka su, a kan ƙarafa, a bar tazara tsakaninsu da rufin domin iska ta ratsa. Ta haka sun zama rumfa, suna ba da wuta suna kuma ba da inuwa. A ƙasar Hausa kudu ake fuskantar da su, a ɗan karkace, yadda ruwan sama zai wanke su ya gangare. Bangon waje a shafa masa farin fenti. A buɗe kafar iska ɗaya ƙasa, ɗaya sama a ɗaya gefen, a sa raga saboda ƙwari da ɓera. Kafar saman nan ba ta wasa ba ce: batirin da ake zuba wa ruwa yakan fitar da wata iska mai kama wuta sa'ad da yake cika, ita kuwa sama take taruwa. Batirin litiyam na zamani ba ya fitar da ita a aikinsa na kullum, amma shi ma bai ƙi sanyi ba.

Batura a ƙasa ake jera su saboda nauyi, bisa teburin ƙarfe gajere da aka ɗaure da daɓen. Inbata, watau na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, da na'urar da ke daidaita caji, bango ne wurinsu, kusa da batura domin wayar ta zama gajera kuma kakkaura, amma faufau ba daidai bisa kan batirin ruwa ba, gama tururinsa na cin ƙarfe. Tsakanin batir da inbata lalle a sa fis.

Masu gaggawa sukan huda bangon akwatin su ɗaura noti, wannan kuwa kuskure ne, domin kowace huda ƙofar ruwa ce da tsatsa. Abin da ya fi, a yi waldar ƙarafa daga ciki, a kafa falankin katako a kansu, sa'an nan a ɗaura kayan a jikin falankin, a bar wa kowace na'ura sarari sama da ƙasa.

Jikin akwatin kansa a haɗa shi da sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa, saboda aradu da kuma tsaron ran mai taɓa ƙofa. Da hunturu kuma a sami yaro amintacce mai share ƙurar farantan da sassafe, tun ba su yi zafi ba.