Daga Kan Burtu Zuwa Macen Ƙarya: Dabarar Maharban Elik a Amurka

Gabatarwa

Ina yaro, akwai wani tsohon maharbi a ƙauyenmu da ke rataye kan burtu a bangon zaurensa. Itace ne aka sassaƙa, aka rufe da baƙar fata, aka yi masa dogon baki. Idan ya shiga daji sai ya ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana gyaɗa kai kamar tsuntsu na kiwo, har ya isa kusa da barewa ba ta ankara ba. Na daɗe ina zaton wannan wayo namu ne mu kaɗai. Sai da aka ba mu jinga a kan sana'ar farauta a darasin al'ada, ina cikin bincike, na ci karo da majigin wasu maharban Amurka suna ɓoye a bayan hoton dabba, kwari da baka a hannu. Abin da na fahimta game da wannan dabara tasu shi nake so in kawo wa mai karatu a wannan ɗan rubutu.

Wace Dabba ce Elik?

Elik babbar dabbar dawa ce da ake samu a Arewacin Amurka, musamman a tsaunukan Roki. A girma tana kusa da gwankinmu, ko ma ta ɗara shi. Namiji, wanda suke kira bijimi, yakan kai kilo 320, macen kuwa wajen kilo 225. Namiji ne kaɗai ke da ƙaho, kuma ƙahon mai rassa ne kamar itace. Yakan zube duk shekara wani ya tsiro, saɓanin na gwanki da ke zama har mutuwa.

An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa yawan elik ya kai miliyan 10, amma zuwa farkon ƙarni na 20 harbin ba-gaira-ba-dalili ya mayar da su ƙasa da 100,000. Doka ce ta ceto su. A 1937 aka kafa dokar da ta ware harajin bindigogi da harsasai domin kula da namun daji, a 1972 kuma aka shigar da kwari da baka a ciki. Yanzu sun kai kimanin miliyan 1, kuma jihar Kolorado ce ta fi kowace yawansu. Ba a harbin elik sai da lasisi, a lokacin da hukuma ta ƙayyade.

Matsalar da ta Haifi Dabarar

Lokacin maharban baka yakan faɗo ne a watan Satumba, daidai lokacin barbarar elik. A wannan wata babban bijimi kan tara garken mata yana tsaronsu, yana wani irin kuka mai kama da busa wanda ake ji daga nesa. Ƙananan maza kuwa sukan yi ta zagaye a gefe suna neman wadda ta ware. Maharbi kan sa wata 'yar roba a ganɗarsa ya kwaikwayi kukan mace, ko ya busa ta cikin bututu ya kwaikwayi na namiji, don ya jawo bijimi.

To, a nan gizo ke saƙa. Mai bindiga na iya harbi daga mita 200 ko fiye. Mai baka kuwa, ko da bakan zamani mai kura-kurai ne, irin wanda Holless Wilbur Allen ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1969, yawanci yana son dabba ta matso mita 20 zuwa 40. Shi kuma bijimi yana da kunnen da ke gane ainihin wurin da kuka ya fito. Sai ya taho da sauri, ya zo inda ya kamata ya hango macen, ya tsaya cik yana dubawa. Idan bai ga kowa ba ya san akwai lauje cikin naɗi, sai ya juya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ashe har dabba ta san haka. Maharbi ya gamsar da kunne, saura ido. Wannan giɓi ne macen ƙarya ta zo ta cike.

Yadda Macen Ƙarya Take

Macen ƙarya ba gunki ba ce mai nauyi, domin ba wanda zai hau dutse da irin wannan kaya. Hoton macen elik ne na gaske ake bugawa a kan ƙyalle, a ɗinka masa siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa a gefe. Ana naɗe ta ta koma kamar faifai a sa a jaka, in an sake ta ta buɗe da kanta, a kafa ta da sanduna. Kamfanin Montana Decoy, wanda aka kafa a 1996, shi ya yi fice da wannan samfuri. Akwai mai nuna dukkan jiki, akwai mai nuna gindi kawai kamar dabba ta juya baya tana kiwo, akwai kuma kai da wuya wanda ake riƙewa a hannu ko a maƙala a jikin baka. Wannan na ƙarshe shi ya fi tuna mini da kan burtu.

Mai karatu zai ce, yaya dabba za ta ruɗu da hoto? Idon elik ya ƙware wajen ganin motsi, amma bai kai na mutum tantance ƙananan siffofi da launuka ba. Siffar jiki da farin gindin nan da ya saba gani sun isa su sa ya gaskata, musamman idan ciyawa ko reshe ya kare wani ɓangaren hoton.

Yadda Ake Kafa Ta

Mafi inganci shi ne mutum biyu. Mai harbi ya durƙusa a gaba, itace ko duhuwa na bayansa don kada siffarsa ta fito fili. Mai kira ya koma baya da macen ƙarya, kamar mita 40 zuwa 60. Idan bijimi ya taho, hankalinsa da idonsa na can kan macen, sai ya gifta ta gaban mai harbi bai sani ba. Wannan yana da amfani biyu. Na farko, jan tsirkiya babban motsi ne, kuma ba a yin sa sai idon dabbar na wani wuri ko kanta ya shiga bayan itace. Na biyu, bijimin zai ba da gefensa, inda kibiya za ta shiga bayan kafaɗa ta huda huhu. Da yake doka ta hana su sa dafi a kibiya, kaifi da saiti kaɗai suka dogara da su. Kibiyar da ta sauka a ciki ko cinya takan bar dabba ta gudu da rauni ta mutu a banza, wanda babban abin kunya ne ga maharbi.

Ba a barin macen a fili tun daga farko. Gwanaye kan ɗaga ta bijimi ya ɗan hango, su motsa ta kaɗan, su sauke. Abin da ya tsaya ƙyam tsawon lokaci yakan jawo zargi.

Inda Dabarar ke Karyewa

Duk wannan wayo yana ƙarewa ne a hanci. Bijimi mai shekaru yakan zagaya ta inda iska ke kaɗawa don ya shaƙi warin macen kafin ya matso. Da ya ji warin mutum, magana ta ƙare. A tsaunuka iska kan gangaro ƙasa da sassafe, ta juya sama idan rana ta yi zafi, don haka maharbi ke yawo da 'yar kwalbar gari yana fesawa ya ga inda ta nufa. Tsohon nan na ƙauyenmu ƙura yake ɗiba ya saki, manufar ɗaya ce.

Haɗari mafi girma kuwa daga ɗan'adam yake. Abin da ya ruɗi dabba yana iya ruɗar mutum. A Kolorado akwai kwanaki a Satumba da masu bindigar ɗuri ke shiga daji tare da masu baka, kuma a 2021 wani mai irin wannan bindiga ya harbe wani maharbin baka har lahira a kudu maso yammacin jihar, yana zaton elik ne. To, ina ga wanda ya laɓe a bayan hoton dabbar kanta? Shi ya sa ake gargaɗin kada a yi tafiya da ita a buɗe, a ɗaura mata ƙyalle mai launin lemo mai haske, kuma a ajiye ta gaba ɗaya idan lokacin manyan bindigogi ya kama.

Kammalawa

Amurkawan yau ba su suka fara wannan hikima ba. A 1924 an tono agwagin ƙarya 11 da aka saƙa da ciyawar fadama a kogon Lovelock na jihar Nebada, masu shekara kusan 2,000, aikin 'yan asalin ƙasar. Tsakanin tasu dabarar da tamu akwai bambanci ɗaya da na lura da shi: kan burtu yana ce wa dabba ta kwantar da hankalinta maharbi ya je gare ta, macen ƙarya kuwa kiran dabbar take ta zo da ƙafarta. Su sun rubuta tasu, sun ɗauke ta a majigi, har ni da ban taɓa ganin elik ba na iya bayaninta. Tsohon maharbinmu ya rasu ban taɓa tambayarsa da wane itace aka sassaƙa kan burtunsa ba, ko taku nawa yake matsawa kafin ya ja tsirkiya. Duk ɗalibin da ke da irin wannan dattijo a garinsu, ina roƙonsa ya je masa da biro da takarda a hutun nan mai zuwa.