Sarki a ƙarƙashin wurin ajiye motoci: abin da ya kamata ka sani game da tonon kufai a Lesta

Wataƙila ka san Lesta ta hanyar ƙwallo, don Ahmed Musa ya buga wa ƙungiyar garin wasa. To wannan birni na tsakiyar Ingila ya haura shekara dubu biyu da kafuwa, kuma a 2012 aka tono ƙasusuwan wani sarki a cikinsa, tsallaken titi kaɗan daga babban cocin garin. Ga yadda abin ya kasance.

Mene ne tonon kufai?

Kufai shi ne wurin da mutane suka taɓa zama, suka tashi. Masu binciken kufai kan tona ƙasa don su gano yadda mutanen dā suka rayu: me suka ci, da me suka yi gini, wace cuta ta dame su. Ba zinariya suke nema ba. Sau da yawa fasasshen kasko ya fi musu amfani, don irin ƙirarsa kan nuna zamaninsa.

Ka lura da tsofaffin gidaje a cikin birni, inda sai ka gangara kafin ka shiga zaure? Gini ya rushe, a daddale, a yi sabo a kai, ƙasa tana ta tashi. Haka Lesta take. Na sama shi ne na baya-bayan nan, na ƙasa shi ne tsoho, kuma da wannan jerin ake karanta tarihin wuri.

Me ya sa kusa da coci?

Babban coci, wato inda kujerar bishof take, galibi a tsakiyar tsohon gari yake. A Turai ta tsakiyar zamani, kimanin shekara ta 500 zuwa 1500, nan ake binne matattu: talakawa a farfajiya, manya a cikin ginin kansa. Kusa da na Lesta a dā akwai gidan ibadar 'yan ɗariƙar Faransiskan, masu zaman zuhudu. An rufe shi a 1538 zamanin Sarki Henry na Takwas, aka rushe, har aka manta ainihin inda yake.

Tsofaffin rubuce-rubuce sun ce a can aka binne Sarki Richard na Uku, wanda aka kashe a yaƙin Bosworth ranar 22 ga Agusta, 1485, yana da shekara 32. Shi ne sarkin Ingila na ƙarshe da ya mutu a fagen fama.

Yaya ake yin tonon?

Kafin a taɓa ƙasa, sai an bi tsofaffin taswirori da takardu. Su ne suka kai masana na Jami'ar Lesta wani wurin ajiye motoci na hukumar birni. An fara aiki ranar 25 ga Agusta, 2012. Motar haƙa ta ɗebe kwalta da ɓaraguzan sama, daga nan aka koma aikin hannu da cokalin magini da buroshi. A ranar farko aka ga ƙasusuwan ƙafa.

Za ka ce, me ya hana a ciro su nan take? Dalili biyu. Na farko, sai an samu izini daga Ma'aikatar Shari'a kafin a ɗaga gawar mutum. Na biyu, tono ɓarna ne: abin da ka tone ba ya komawa yadda yake. Shi ya sa ake aunawa, a zana, a ɗauki hoto kafin a gusar da ko da tsakuwa.

Wannan haƙuri ne ya sa kabarin ya ba da labari. An haƙa shi cikin gaggawa, ya yi wa mamacin kaɗan, har kansa ya jingina da bango. Babu alamar akwati. Tafin ƙafafun kuma babu su, da alama wani gini na baya ne ya yi awon gaba da su.

Ta yaya aka san shi ne?

Hujja ɗaya ba ta isa, sai da aka haɗa da dama. Ƙashin bayan a karkace yake, abin da zai sa kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya, kamar yadda aka siffanta Richard. An ƙirga raunuka 11, tara daga ciki a ka, irin na takobi da makaman yaƙi.

Sai gwajin kabon. Duk mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ke raguwa sannu a hankali bayan mutuwa, rabinsa kan tafi cikin shekara 5,730. Idan aka auna saura, sai a kintaci lokacin mutuwa. A nan an samu 'yar tangarɗa: mamacin ya ci kifi da yawa, kuma hakan kan sa ƙashi ya nuna tsufan da bai kai ba. Da aka gyara lissafi, sai ya faɗa tsakanin 1450 da 1540.

Na ƙarshe shi ne gwajin DNA, wato tambarin gado da ke cikin jiki. Akwai nau'insa da ake gada ta wajen uwa kaɗai. Aka bi zuriyar yayar Richard, Anne, daga 'ya zuwa 'ya, har zuwa wani kafinta haifaffen Kanada, Michael Ibsen. Nasa ya dace da na ƙasusuwan. Ranar 4 ga Fabrairu, 2013, jami'ar ta sanar da sakamako.

Wannan ba wulaƙanta mamaci ba ne?

Tambayar tana kan hanya, kuma a can ma ana yin ta. Izinin da aka bayar ya zo da sharaɗi a kan makomar ƙasusuwan. Har kotu aka je, don wasu sun so a kai shi birnin York, amma a 2014 Babbar Kotu ta bar wa Lesta. An binne shi a babban cocin ranar 26 ga Maris, 2015, cikin akwatin da Ibsen ya ƙera da hannunsa.

Wa ke biya?

A Ingila, yawanci mai son yin gini a wuri mai tarihi shi ke biyan kuɗin tono kafin ya zuba tushe. Na 2012 kuwa karo-karo aka yi tsakanin jami'ar, hukumar birni da ƙungiyar masu sha'awar tarihin Richard. Gyaran cocin da bikin binnewa sun ci kimanin fam miliyan 2.5.

Daga baya, da za a ƙara gini a jikin cocin, an sake tono a farfajiyarsa, aka samu kaburbura fiye da 1,100 na mutanen gari, da wani ɗaki na zamanin Rumawa a ƙarƙashinsu. Yawancinsu ba a san sunansu ba, amma daga ƙasusuwansu ne ake gano abincin talakan Lesta da cututtukansa, abin da marubutan fada ba su damu su rubuta ba.