Babban Inji a Ƙaramar Mota: Lissafin da Ake Yi a Garejin Malanville

Daga Kwatano zuwa Malanville tafiya ce ta sama da kilomita 700, ta Parakou da Kandi, har a iso bakin Kogin Kwara inda gada ta haɗa Jamhuriyar Benin da garin Gaya na Nijar. Ƙananan motocin haya da ke bin hanyar ba su san hutu ba. But a ɗaure da igiya don ya ƙi rufuwa, buhunan albasa da shinkafa a kan rufi, fasinja biyu a kujerar gaba. Motar da aka ƙera don iyali mai mutum biyar a Turai, ita ce ke ɗaukar kayan kasuwa. Ba a jimawa injin yakan gaji, sai direba ya nufi gareji ya ce wa bakanike: "Maigida, motar ba ta ja. A sa mini wanda ya fi wannan."

Samun injin ba wuya. Tsofaffin motoci da injunan Turai, waɗanda a Najeriya ake kira Beljiyam, suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wasu kuma ana samo su daga kasuwar Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. A 1962 wani Ba'amurke, Carroll Shelby, ya sa injin Ford mai silinda takwas a cikin wata 'yar ƙaramar motar Ingila ta kamfanin AC, aka samu motar da ta yi suna da Cobra. Shi gudun tsere yake nema. Direban Malanville kuwa ƙarfin jan kaya yake so, kuma buƙatarsa ta gaskiya ce.

Akwai canjin da ke zuwa da sauƙi. Toyota Starlet tana zuwa da inji mai lita 1.3, ƙarfinsa kusan doki 75. Ɗan'uwansa mai lita 1.5 da ke cikin Tercel da Paseo yana kaiwa kusan doki 90, kuma gida ɗaya suka fito, don haka yakan zauna ba tare da an yi wa motar ɓarna ba. Amma idan aka ce sai an cusa na Corolla mai lita 1.6 ko 1.8, aiki ya canza. Za ka ga an rataye injin da sarƙa a jikin ƙarafa uku, ana saukar da shi a hankali, yaron gareji na kwance a ƙasa yana duba inda zai taɓa. Kujerun inji ba su dace ba, sai an kira mai walda. Shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba ya yi tsawo ko ya gaza. Sannan ga wayarin: injunan da ba su da kafireta ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar inji, ce ke ba su mai, kuma kowanne da tasa. Wanda ya sayi inji bai haɗa da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa ba, ya sayi rabin kaya.

Inda ake yin sakaci shi ne bayan motar ta tashi. Mai ita ya ji ƙara mai daɗi, ya biya, ya tafi, alhali birki da lagireto na nan yadda suke. Wannan abin damuwa ne ƙwarai. A watannin Maris da Afrilu zafin Malanville yana wuce digiri 40, kuma ƙaramin lagireto ba ya iya sanyaya babban inji da ke jan buhuna, sai ruwa ya tafasa, gaskit ya ƙone. Birki kuwa rai ne. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya takan ninka huɗu, ga nauyin sabon inji ya danne gaba, ga lodi a baya, a kan titin da ake rabawa da tireloli da babura da garken shanu. Bakaniken kirki ba ya sakin motar sai ya ƙara girman faifan birki, ya canza lagireto da shokozoba da kuloci, ko da mai ita zai yi ƙorafin kuɗi.

Kuɗin ma yanzu ya fi da ciwo. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, fetur ɗin bumburutu da ake shigowa da shi daga can ana sayarwa a kwalabe, wanda mutanen Benin ke kira kpayo, ya yi tsada. Wata biyu bayan nan aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe gadar, fasinja da kaya suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale, ciniki ya ja baya. Inji mai shan mai da yawa a irin wannan yanayi sai an yi lissafi sosai kafin a ɗauko shi.

Sai maganar takardu. Katin mota yana ɗauke da ƙarfin injinta da irin man da take sha, kuma da wannan ƙarfin ake yanke kuɗin inshora. Direban da ya canza inji bai je an gyara katin ba, yana iya wuce shingen jami'an tsaro sau da yawa ba a lura ba. Ranar da hatsari ya faru aka buɗe bonet, kamfanin inshora na da hujjar ƙin biya, kuma fasinjojin da suka ji rauni su ne za su fara ɗanɗana hakan.