Gilashin Gaban Mota: A Gam Ƙarfin Yake

Idan tsakuwa ta tsaga gilashin gaban mota, a kan kuɗin gilashin ciniki ke tsayawa: sabo ne ko tokumbo, daga Ƙofar Ruwa ta Kano aka ɗauko shi ko daga Panteka ta Kaduna. Da wuya mai mota ya tambayi irin gam ɗin da za a manna shi da shi, alhali a nan ran fasinja yake.

Gilashin gaba ba irin na ƙofa ba ne, wanda kan tarwatse kamar tsaba. Falle biyu ne da aka haɗe da siririyar leda a tsakiya, dabarar da wani Bafaranshe masanin sinadarai, Édouard Bénédictus, ya yi wa rajista a 1909. Shi ya sa yake tsagewa amma ba ya zubewa. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, roba mai kauri ce ke riƙe shi, da igiya ake zura ta a bakin ƙarfe. Motar yau kuwa da gam na musamman, mai suna foliyuretan, ake haɗe gilashin da gangar jikinta, har ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ke tallafe rufi idan mota ta wuntsila. Ƙari a kan haka, a motoci da yawa jakar iska ta gefen fasinja da gilashin take fara dogara kafin ta tare mutum. In gam bai kama ba, sai ta tunkuɗe gilashin waje, ta bar fasinja a banza.

Saboda haka robar da ke kewaye da gilashin zamani sutura ce kawai: tana rufe gam daga rana, tana rage kukan iska. Wanda ya ga ɗigon ruwa da damina ya sa aka tsiyaya silikon ƙarƙashinta ya ɓoye ciwo ne, domin wani silikon ɗin ma tsatsa yake jawo wa ƙarfe. Aikin ƙwarai shi ne a yanke tsohon gam a bar siririn shafe, a kankare tsatsa, a shafa maganin share fage a duk inda wuƙa ta ƙwarzane fenti, sannan a sa sabuwar roba da sababbin maƙalai, tunda tsofaffin kan karye wajen cirewa. Sai kuma haƙuri. Wannan gam da laimar iska yake daskarewa, don haka a bushewar hunturu ya fi jinkirin kamawa, kuma buga ƙofa da ƙarfi tagogi a rufe na iya ɗaga gilashin tun bai zauna ba.

Wani zai ce duk wannan tsada ce, ga motoci nan birjik da aka liƙa da gam mai araha suna ta zirga-zirga lafiya. Gaskiya ne talaka na lissafin kowace naira, kuma gilashin tokumbo marar tsagewa ba laifi ba ne. Sai dai tafiya lafiya ba shaida ba ce, domin ranar hatsari kaɗai ake jarraba gam, ranar da ba a sake jarrabawa. In dole sai an rage kuɗi, a rage a gilashi, kada a taɓa na gam da na gwanin da zai shafa shi.